Muhawara: Dokar Yahudawa kan dabba mai rauni, likitanci ne ko hukuncin addini zalla?

Nura Ɗalibi:
Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah akwai abin da nake so mu tattauna, musamman likitocinmu na dabbobi da malamanmu. Yahudawa masu riƙo da addini ba yanka kaɗai suke dubawa ba, ko an yanka dabba daidai da ƙa'idarsu sai an buɗe ta an duba ciki, in aka tarar da wasu raunuka to naman ya haramta a gare su, terefa suke ce wa irin wannan dabba. Asalin abin aya ce a Attaura, littafin Fitowa sura ta 22, inda aka ce kada su ci naman da namun daji suka yaga a jeji, su jefa wa karnuka. Amma da malamansu suka zo tattara Mishna, littafin da ya haɗa dokokinsu na baka, wajen shekara ta 200 miladiyya sai abin ya faɗaɗa ya kai nau'i 18, misali in maƙoshi ya huje, ko aka datse maƙogwaro, ko tantanin ƙwaƙwalwa ya huje, ko zuciya ta huje har cikin ɗakinta, ko ƙashin baya ya karye laka ta tsinke, ko hanta ta fita gaba ɗaya, ko huhu ya huje, hanji, maɗaciya, ko dabba ta faɗo daga saman soro, ko mafi yawan haƙarƙarinta ya karye. Sai suka rufe da ƙa'ida ɗaya, duk dabbar da irinta ba ta rayuwa da wannan rauni to terefa ce. Ni da na karanta wlh ji na yi kamar ina ajin duba gawar dabba. Tambayata ita ce, wannan duk don kare lafiyar mai cin nama aka yi shi ko kuwa?

Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam. Ni dai a ganina ai a fili yake lafiya ce, wa zai so ya ci naman saniyar da huhunta ya ruɓe? Mutanen da ba su da firji ba su da asibiti dole su nemi hanyar kare kansu

Dakta Binta:
Hajiya na fahimce ki, amma ki sake duba jerin da Nura ya kawo. Saniyar da ta faɗo daga sama ta karya haƙarƙari da safe aka yanka ta da hantsi, me namanta zai yi wa mai ci? Babu komai, iyaka dai inda jini ya kwanta a yanke a yar. Haka wadda lakarta ta tsinke. Mu a aikinmu tambayoyi biyu ne daban, akwai "dabbar nan za ta tashi kuwa?" akwai kuma "naman nan zai cutar da mutum?" Jerin nan kusan dukkansa tambaya ta farko yake amsawa. Kuma gsky a wannan fannin sun yi ƙoƙari sosai, don hujin hanji ko na maɗaciya a zamanin da babu tiyata babu maganin kashe ƙwayoyin cuta ai mutuwa ce, ƙazantar ciki za ta zubo cikin kogon ciki ya ɗau ruwa ya yi mugunya, kwana kaɗan dabba ta tafi.

Abu Yasir:
Dakta kin taɓo inda maganar take. Akwai hujja a cikin Mishna ɗin kanta a wannan babin, an ce dabbar da ta ci guba mai kisa ko maciji ya sare ta ba terefa ba ce, amma an hana cin ta saboda haɗari ga rai. Kun ga su da kansu sun raba ƙofa biyu, ƙofar terefa daban ƙofar haɗari ga lafiya daban. Da a ce terefa dokar tsaftar nama ce ai dabbar da ta sha guba ce za ta zo a farkon jeri. Sannan dabbar da ciwo ya kwantar har tana gargarar mutuwa amma babu ko ɗaya daga cikin raunukan nan a jikinta, in aka yi sauri aka yanka ta kuma ta motsa ƙafa bayan yankan, ta halatta a wajensu, duk da cewa masu tsantseni a cikinsu suna gudun irin wannan nama.

Ilu Maraɗi:
Ni fa jama'a ban gane amfanin wannan magana ba, mu Musulmi ne muna da namu hukuncin, me ya kai mu tonon littattafan Yahudawa?

Malam Habu:
Malam Ilu ka yi haƙuri, ai maganar tana cikin littattafanmu tun kafin a haifi kakanninmu. A Mudawwana, babban littafin fiƙihun Malikiyya, an tambayi Ibnul Ƙasim game da tumakin da Yahudawa suka yanka sai suka tarar ba su halatta a wajensu ba saboda huhu, shin Musulmi zai iya ci? Ya ce labari ya iske shi Imamu Malik ya taɓa halattawa, amma shi abin da ya riƙa ji daga bakinsa daga baya shi ne karhantawa. Masu sharhin Muhtasar ma sun kawo ta da sunanta, ɗarifa, suka ce ita ce mai lalataccen huhu. Dalili kuwa Musulmi da Yahudawa kasuwa ɗaya suke ci a Madina da Ƙairawan da Andalus, abin da Bayahude ya yanka ya ga ba zai ci ba ai maƙwabcinsa zai sayar wa, to dole malami ya san mece ce ita kafin ya yi fatawa.

Sannan ku duba aya ta 3 a Suratul Ma'ida, wadda aka shaƙe, da wadda aka buga, da wadda ta gangaro daga sama, da wadda aka tunkuya, da wadda naman daji ya ci, sai dai abin da kuka riska kuka yanka. A mazhabarmu ta Malikiyya in raunin ya kai makasa to yanka ba ya amfani, kuma malamai sun ƙirga su biyar, tsinkewar laka, tarwatsewar ƙwaƙwalwa, zubowar kayan ciki, yankewar jijiyar wuya da hujewar hanji. Ku gwada da jerin Nura ku gani. Wasu mazhabobin sun sassauta, suka ce matuƙar an riski rai a jikinta an yanka to ta ci.

Nura Ɗalibi:
Allah ya gafarta Malam wannan ban taɓa saninsa ba, laka da hanji da ƙwaƙwalwa duk sun zo ɗaya kenan. To ina bambancin yake?

Malam Habu:
Bambancin babba ne ɗana. Mu maganarmu a kan dabbar da wani abu ya afka mata ne muna gani, sai mu tambaya yanka ne ya kashe ta ko raunin ne ya riga ya gama da ita. Ba a ɗora mana mu bi cikin lafiyayyar dabba bayan yanka muna neman huji ba. Hadisin baiwar Ka'abu ɗan Malik yana Buhari, tana kiwo a dutsen Sal'u ta ga tunkiya za ta mutu, ta fasa dutse ta yanka ta da shi, Manzon Allah (SAW) ya ce a ci. Su kuwa ko saniya ta shigo mayanka da ƙafarta tana ƙiba tana sheƙi, in huhunta ya nuna huji shi kenan.

Ɗan Sarkin Fawa:
To ni nan nake da tambaya don huhu ai kullum hannunmu na cikinsa. Sau da yawa in mun fasa ƙirjin saniya musamman na Fulani da suka sha yawo za ka tarar huhun ya manne da haƙarƙari, wani sai ka sa wuƙa kake banɓaro shi, wani kuma zare-zare ne kawai fari siriri, kuma saniyar nan lafiyarta lau ta ci ta ƙoshi ba tari ba komai. Su in sun ga haka yaya suke yi, duk zubarwa za su yi? In haka ne ai mahaucinsu ya shiga uku

Abu Yasir:
Ranka ya daɗe ai wannan mannewar ita ce uwar rigimar gaba ɗaya. Sauran gaɓoɓin ba dole ba ne a bi su ɗaya bayan ɗaya sbd mafi yawan dabbobi lafiya suke, sai in an ga alama, amma huhu malamansu sun wajabta duba shi don matsalarsa ta yi yawa. Yadda ake yi, bayan yanka kafin a ciro komai mai dubawa zai tsaga tantanin da ya raba ƙirji da ciki ya zura hannu a hankali yana shafa huhun reshe-reshe, ba ya gani da ido a lokacin, yatsu ne ke aiki, yana neman inda ya manne da haƙarƙari ko reshe ya manne da wanda ba maƙwabcinsa ba. Sannan a ciro huhun a sake dubawa da ido, in akwai wurin da ake shakka sai a hura masa iska ta maƙogwaro ya kumbura a tsoma shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi, kamar dai yadda mai faci ke yi wa tub, in ruwan ya yi ƙwai-ƙwai akwai huji. Talmud ma, wato babban sharhin malamansu a kan Mishna, har yanayin ruwan ta faɗa, kada ya zama mai zafi kada ya zama mai sanyi don dukkansu za su iya sa hujin ya ɓuya. Kuma ba zubarwa suke ba, wanda bai ci jarrabawa ba sayar da shi ake yi ga waɗanda ba Yahudawa ba, wannan na cikin abin da ya sa namansu ke da tsada.

Kan dalilin da ya sa mannewa ke haramtawa sun kasu biyu. Rashi, malaminsu na Faransa da ya rasu a 1105, ya ce babu mannewa sai da huji, wato huhun ya taɓa hujewa ne ruwan da ya tsatso ya daskare ya zama zaren. Malaman da suka biyo bayansa waɗanda ake ce wa Tosafot suka ce a'a, ba lallai akwai huji yanzu ba, amma wata rana zaren zai fizge ya bar huji. Daga baya Yusuf Karo mai littafin Shulhan Aruk da aka buga a Banis a 1565 ya tsananta, shi kuma Musa Isarlis na Karako a ƙasar Folan ya kawo al'adar mutanensu ta murza zaren da yatsu a hankali, in ya saki ba huji an yarda. Shi ya sa har yau naman da huhunsa ya fito sumul yake da daraja ta daban a kasuwarsu, gilat suke ce masa.

Dakta Binta:
Bari in amsa wa Ɗan Sarkin Fawa ta ɓangarenmu. Mannewar nan yawanci tabon tsohon ciwo ne. Tantanin da ya lulluɓe huhu da wanda ya shimfiɗe a jikin haƙarƙari a ƙa'ida santsi ne tsakaninsu suna zamewa da juna, to in saniya ta yi ciwon huhu wurin ya kumbura sai wani ruwa mai yauƙi ya fito, in ta warke ruwan ya koma zare ko fata ya haɗe su. A shanunmu ciwon huhu mai yaɗuwa yana jawo haka sosai, tarin fuka ma haka. Don haka Rashi ya yi daidai da ya ga cewa wani abu ne ya taɓa samun huhun, amma ba sai an yi huji ba, kumburi kaɗai ya isa. Kuma saniya tana iya shekaru da shi tana haihuwa. Abin da nake so mahautanmu su riƙe shi ne zare fari busasshe daban, ƙulli-ƙulli masu launin rawaya da in ka yanka za ka ji kamar tsakuwa a ciki daban, wannan na biyun alamar tarin fuka ce kuma yana kama mutum, in kun gani ku kira ma'aikacin duba nama kada ku yanke ku ɓoye dan girman Allah.

Ɗan Sarkin Fawa:
Wannan gaskiya ne Dakta muna ganinsu. To ƙusa fa? Don wlh abin da muke cirowa daga tumbi ba a magana, leda, waya, ƙusa, har allura na taɓa gani ta soke ta tsaya a wannan ɓangaren mai gida-gida irin na saƙar zuma

Abu Yasir:
Ita ma Talmud ta yi maganarta dalla-dalla kuma a wannan ɓangaren da ka faɗa. Suka ce in allura ta shiga kaurin bangon ta gefe ɗaya ba ta fita ba dabbar ta halatta, in ta ɓulla ta ɗaya gefen terefa ce. Har da yadda za a gane ko kafin yanka ta shiga ko bayan yanka, in akwai ɗigon jini a jikinta to tun dabbar na da rai ne. Kuma in bakin raunin ya yi ɓawo sun ce ya kwana uku kenan, wannan yana da amfani wajen shari'ar ciniki don a san ko tun a hannun mai sayarwa abin ya faru.

Dakta Binta:
Kai wannan ya burge ni matuƙa, sbd abin da muke koyarwa kenan. Saniya ba ta tauna abinci sosai a karon farko, haɗiya take yi, ƙarfe mai nauyi sai ya faɗa wannan aljihun, shi kuma kusa yake da zuciya, tantani ɗaya ne ya raba su. Duk matsawar da tumbi zai yi yana tura ƙusar gaba, in ta tsaya a bango saniya na iya rayuwa, in ta ɓulla sai ciki ya ɗau ruwa, wani lokaci ta wuce har jakar zuciya ta cika da mugunya ka ga ƙirji da wuya sun kumbura. A manyan gonaki maganaɗisu ake ɗura wa shanu ya zauna a wurin ya riƙe ƙarafan. Kuma maganar jini daidai ce, nama mai rai ne ke zubar da jini ya kumbura, wanda ya mutu ba ya yi. Mutanen nan sun buɗe dabbobi da yawa kuma sun kalla da kyau, ba zan hana su wannan ba.

Maman Sadiq:
To Dakta kin dawo maganata kenan, likitanci ne

Dakta Binta:
Likitanci ne na sanin ko dabba za ta rayu Hajiya, kuma shi ma ba ko'ina ya dace ba. Ga misali, Mishna ɗin ta ce in an cire saifa dabba ta halatta, wannan daidai ne ana rayuwa ba saifa. In an cire mahaifa ta halatta, daidai. Amma ta ce in an cire ƙoda duka biyu ma ta halatta, wannan kuwa babu dabbar da za ta rayu a haka. Dabba mai tuƙa takan ɗan jure fiye da kare ko mutum don wani ɓangare na dattin jini yana komawa tumbi, amma magana ce ta kwanaki. A ɗaya gefen kuma akwai raunukan da suka ce kisa ne alhali yau tiyata ƙarama ce.

Abu Yasir:
Kuma kada a ɗauka su ba su lura da wannan ba, rigimar ta fi shekara 800 a tsakaninsu. A farko dai abin a buɗe yake, ana sauraron likita. Akwai labari a Mishna na wata saniya da aka cire wa mahaifa, malaminsu Rabbi Tarfon ya ce terefa ce aka ba karnuka, da maganar ta je gaban majalisar malamai a garin Yabne sai suka halatta, don wani likita mai suna Todos ya shaida cewa babu saniya ko alade mace da ke fita daga Iskandariya sai an yanke mahaifarta don kada ta haihu a wani wuri, kuma suna rayuwa. Tarfon har ya ce jakinsa ya tafi, yana nufin sai ya sayar ya biya mai saniya, Rabbi Akiba ya ce masa babu biya a kan ƙwararren da kotu ta amince da shi. A Talmud kuma akwai wata tunkiya da ke jan ƙafafun baya, wani malami ya ce sanyin ƙashi ne, Rabina ya ce ƙila laka ce ta tsinke, aka yanka aka duba aka tarar laka ce. Wato a lokacin gwaji ake yi a gani. Har ma'auni suka sa, terefa ba ta wuce wata 12 kuma ba ta haihuwa, in ana shakkar dabba ta wuce wannan ko ta ɗau ciki ta haihu to an san ba ita ba ce.

Wanda ya rufe ƙofar a fili shi ne Musa ɗan Maimun, kuma abin lura shi kansa babban likita ne, haifaffen Ƙurɗuba, ya yi aiki a fadar gidan Salahuddin a Masar, ya rasu a 1204. Ya ƙirga raunukan ya kai su 70, sannan ya ce ba a ƙari a kansu ko da likitanci ya nuna wani ciwo daban zai kashe dabba, kuma waɗanda aka lissafa ko da likitancin zamaninmu ya nuna wasunsu ba sa kisa, ba mu da komai sai abin da malamai suka ƙirga. Bai ce likitoci ƙarya suke ba, ya san abin da ya sani, cewa ya yi jerin ya riga ya zama doka. Wani malamin kuma na Basalona, Rashba, da ya rasu a 1310, shi da aka kawo masa labarin terefa da ta wuce wata 12 ƙin yarda ya yi da shaidar, ya ce ko dai an yi kuskuren dabba ko an yi ƙarya. A ƙarni na 20 wani malaminsu da ake kira Hazon Ish da ya rasu a 1953 ya ce an tsayar da jerin ne bisa abin da ake iya warkarwa a zamanin da aka kafa dokar, ci gaban da ya zo daga baya ba ya taɓa shi.

Nura Ɗalibi:
Amma Yaya Abu Yasir wannan bai zama tufka da warwara ba? Ka ce dalilin haramci shi ne ba za ta rayu ba, sai ga ta ta rayu, ka ce duk da haka haramun ce. Ni a matsayina na ɗalibin kimiyya abin yana min nauyi gsky

Malam Habu:
Nura wannan ba baƙon abu ba ne ga mai karatun fiƙihu. Akwai hikimar hukunci akwai kuma abin da aka rataya hukuncin a kansa. An sauƙaƙa wa matafiyi ƙasaru saboda wahala, amma ba a ce kowa ya auna wahalarsa ba, an rataya shi a kan tafiya, shi ya sa wanda ya hau jirgin sama ma yana yi. In ka bar abin a hannun ra'ayin likita to naman da ya halatta a wannan gari zai haramta a wancan, na bana daban na baɗi daban. Ba ina kare hukuncinsu ba ne, mu dai ba a ɗora mana shi ba, amma na gane abin da Ibnu Maimun yake gudu.

Abu Yasir:
Haka ne Malam, kuma shi Ibnu Maimun ɗin da ya zo maganar mutum sai ya bi wata hanya. A babin kisan kai, inda ake buƙatar a san ko wanda aka kashe dama yana ɗauke da raunin da ba ya tashi, cewa ya yi likitoci ne za su faɗa. Sannan a littafinsa Dalalatul Ha'irin da ya rubuta da Larabci ya nuna abincin da aka haramta ba shi da kyau ga jiki, terefa kuma ya ce mafarin mushe ce. To Hajiya Maman Sadiq ba ke kaɗai ba ce a ra'ayinki. Sai dai Abarbanel da ya rasu a 1508 ya yi wa masu wannan ra'ayi raddi mai zafi, ya ce in don lafiya ne to an mayar da Attaura ƙaramin littafin magani, ga kuma al'ummai suna cin abin da aka hana suna zaune da ƙarfinsu.

Ilu Maraɗi:
To na ji, yanzu na ga inda ta shafe mu. Amma batun naman daji fa tunda shi ne asalin ayar tasu, in kura ko damisa ta yakushi akuya ba ta kashe ta ba?

Dakta Binta:
Ina so Abu Yasir ya gyara min in na kauce, amma abin da na sani sun ce akwai dafi a farcen ƙafar gaba na irin su zaki da kyarkeci da shaho, wai lokacin da dabbar ke zare farcen take zuba shi sai ya ƙona naman ciki, shi ya sa ake buɗewa a duba ko naman da ke daura da hanji ya yi ja. Dafi dai babu shi a farcen zaki. Amma abin da suka gani gaskiya ne, rauni ɗan ƙarami a waje sai dabba ta mutu bayan kwana biyu uku, sbd farce da bakin dangin kyanwa cike suke da ƙwayoyin cuta kuma hujin siriri ne mai zurfi yana rufewa da su a ciki. Duk mai kiwon tantabaru ya san wadda mage ta kama ta kuɓuce da wuya ta kai labari ko da ba ka ga jini ba.

Abu Yasir:
Daidai ne Dakta, kuma sun bambanta gwargwadon girma, zaki ga manyan dabbobi irin shanu, kyarkeci ga tumaki da awaki, shaho ga ƙananan tsuntsaye.

Nura Ɗalibi:
Tambaya ta ƙarshe daga ni, a yau da ake yi wa shanu tiyata kullum a Turai da Amurka abin bai taɓa jawo musu matsala ta zahiri ba?

Dakta Binta:
Ya jawo kuwa, a 1994 a Amurka, kuma a kan madara ne ba nama ba. Shanun madara da ake ɗura wa hatsi da yawa sukan samu wata matsala bayan haihuwa, ciki na huɗu wanda shi ne ainihin mai narkar da abinci sai iska ta cika shi ya gusa daga wurinsa ya koma hagu, saniya ta daina ci nono ya ja baya. Gyaransa shi ne a mayar da shi a ɗinke shi a wurin, wata hanyar ana kwantar da saniyar a soka ta waje a huda cikin a sa maƙali, wata kuma a buɗe gefe a sa allura a sace iskar tukuna. Saniya ta tashi ta ci gaba da ba da nono shekaru. To amma hujin wannan cikin yana cikin jerin 18 ɗin nan, kuma a dokarsu nonon terefa shi ma haramun ne, ga shi madarar gona duka tanki ɗaya take shiga.

Abu Yasir:
Eh an yi ta ce-ce-ku-ce a lokacin. Manyan hukumominsu masu ba da shaidar abinci sun bar madarar kasuwa a kan halacci, wasu sun dogara da cewa nonon irin waɗannan shanu kaɗan ne yana narkewa cikin mai yawa, a ƙa'idarsu kashi 1 cikin 60 ba ya haramta sauran, wasu kuma suka duba ita kanta tiyatar suka ce ba kowace iri ce ke mayar da saniya terefa ba. Masu tsanantawa ba su gamsu ba, gonakin da ke tatsar madara a ƙarƙashin sa idon malamansu sai suka koma ajiye rajistar kowace saniya, wadda aka yi wa wannan aiki a fitar da ita daga garken da ake tatsa a sayar wa wata gona.